Kati Biyu, Fuska Ɗaya

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 5:40 na yamma

Yau mutum ɗari biyu da sha ɗaya na ce wa "ɗago fuskarka". Na ƙirga ne don kada in zagi wani. Tun da aka kafa na'urar gane fuska a ƙofofin filin wasa, duk mai katin shekara dole ya zo a ɗauki fuskarsa a haɗa da katin. Wanda bai zo ba zuwa ƙarfe huɗu na ranar 31, a soke kujerarsa a ba na kan layi. Ni aikina a sama yake, ɗakin allo, inda nake gadin ƙofofi ta kyamara ranar wasa. Amma Manaja ya ce in sauko teburin rajista wannan makon, wai hannuna da sauri. Hannuna da sauri, na'urar ce dai ba ta da shi. Mai hula ta ce ya cire, mai gilashi ya cire, mai murmushi ya daina. Wani dattijo ya ce mini, "'Yata, shekara talatin ina shiga nan da wannan fuskar, yau ne ta zama abin tuhuma?" Na ce masa ba ni na kawo ta ba.

Biskit biyu na ci tun safe.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 6 na yamma

Baba ya zo rajista. A gida ɗaya muke kwana, tare muka sha shayi da safe, bai ce mini zai zo ba. Sai ganinsa na yi a layi cikin rana, da sandarsa da wata ambulan a hammata. Dogo, shugaban masu gadin ƙofa ta uku, ya so ya shigo da shi ta gefe, ya ƙi. Wai kada a ce ya ci albarkacin 'yarsa.

Sau huɗu na'urar ta ƙi shi. Tana so ya dubi wani ɗigon haske, shi kuwa yanar nan ta rufe masa ido, ɗigon ma ba ya gani. Sai da na ɗora yatsana a wurin na ce, "Baba, dubi hannuna." Ta ɗauka.

Na ce an gama. Bai tashi ba. Ya zaro kati na biyu, kujera ta 19, wadda ke maƙwabtaka da tasa. Shekara uku yana sabunta ta ba mai zama. Sannan ya buɗe ambulan ya ɗaga hoto saitin kyamara da hannu biyu, kamar mai nuna wa likita takardar gwaji.

"Ɗauki na Auta."

Na ce, "Baba, ba ta karɓar hoto. Sai mutum mai rai ya zauna ya ƙifta ido."

Ya ce, "To ai yana da rai."

Mutum arba'in na bayansa a layi. Na ce zan duba, na kira na gaba. Hoton ban dube shi ba.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 7 na safe

Ba wanda ya tada zancen. Ni ma ba zan tada ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 7:30 na yamma

Wasan farko da na'urar. Zan rubuta yadda abin yake don in ban mutu da haushi ba in karanta wata rana in yi dariya.

Masu katin shekara, ƙofa na gane su ta buɗe. Masu tikitin rana ɗaya ba a yi musu rajista, amma kyamara na gwada fuskarsu da ta mutanen da aka hana shiga. Da can hotunan waɗannan mutanen a wani littafi mai jan bango suke, Dogo ke riƙe da shi, shi ya sa har yanzu muke ce wa jerin "jan littafi" ko da yake ya koma kwamfuta. In na'urar ta ga mai kama da ɗan jan littafi, ƙarfen ƙofar ya kulle, allona ya yi ƙara ya nuna mini hoto biyu gefe da gefe. A ƙasa maɓalli biyu: SHI NE, da BA SHI BA NE. In na danna na farko, 'yan sanda su tafi da mutum ɗakin ƙarƙashin benaye, a rubuta shi, shekara biyar ba shi ba filin nan. In na danna na biyu, ƙofa ta buɗe ya wuce. Daƙiƙa ashirin gare ni. In na yi jinkiri, ita da kanta take kiran 'yan sandan.

Yau sau goma sha bakwai ta yi ƙara. Ko ɗaya ba gaskiya. Ƙarfe huɗu rana na dukan ƙofa ta uku kai tsaye, kowa ya zama ɗan'uwan kowa. Ta kama wata mata mai goyo ta ce wani ƙaton mai gemu ne da ya fasa wa alƙalin wasa kai bara. Injiniyan kamfanin yana tsaye a bayana yana cewa, "Tana koyo ne." Na ce in ta gama koyon a gaya mini in dawo.

Kunnen doki muka yi. Da aka tashi na juya kyamara kan layin Baba. Rediyonsa a kunne, hularsa ajiye a kujera ta 19.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 4 na yamma

Dogo bakinsa ba ya da murfi. Jiya ya raka Baba bakin titi, ya zauna ya zayyana masa komai, har da cewa jan littafi da hoto kawai ake shigar da mutum, ba sai ya zo ya ƙifta ido ba.

Yau ina wanke-wanke Baba ya jawo kujera har ƙofar kicin, abin da bai taɓa yi ba.

"An ce injinku na tsinto mutum ɗaya cikin dubu ashirin."

Na ce, "Haka masu sayar da shi suka ce."

"Idona ya ƙare. Ki ara mini nasa."

Na yi masa bayani dalla-dalla. Jan littafi na masu laifi ne. Wanda na sa a ciki, in ya zo, ba shayi ake ba shi ba. Kuma da lambata ake shiga, in aka gane aikina ya tafi. Kuma ma wa ya ce yana garin nan? Wa ya ce yana zuwa kallo? Shekara uku ba waya ba saƙo.

Ya ce, "Auta zai iya barin gida. Ba zai iya barin ƙwallo ba."

Na ce, "Ai mun gani."

Ban so na faɗi haka ba. Ya ɗauki kujerarsa ya koma ɗaki. Ambulan ɗin ya bar ta a kan firji.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 6:15 na safe

Tana nan a kan firji. Na ɗora mata kwandon albasa.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe 8 na safe

Maigidana ya ce in bar tsoho da rigimarsa, kada in taɓa aikin gwamnati. Na ce ba na gwamnati ba ne. Ya ce to kada in taɓa aikin kowa. Shi komai a wurinsa mai sauƙi ne, ba shi ke kai wa Baba abinci ya dawo da shi yadda ya kai ba. Kwana uku ke nan Baba rabin kwano yake ci. Ba ya faɗa, ba ya fushi, sai "sannu da aiki" da "Allah ya yi albarka". Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Wani ya sauke kwandon albasan. Ba ni ba ce.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 2:20 na rana

Na yi.

Lokacin cin abinci, ɗakin ba kowa. Dole na buɗe ambulan ɗin. Hoton ranar da ya gama makarantar koyon gyaran lantarki ne, ya yi wannan dariyar tasa ta gefe guda. A kusurwar hoton akwai kafaɗar Mama da gefen mayafinta. Na'urar ta ce fuska kawai take so, sai da na yanke kafaɗar.

Wurin suna na rubuta "ba a sani ba". Wurin laifi ba ta yarda a bar shi fanko, sai an zaɓa: makami, faɗa, kutsawa cikin fili, jifa da kwalba. Na zaɓi kwalba, ita ce ƙarama. Yaron da ko kaza ba ya iya jifa. Yanzu shi ne lamba 58.

Mun shirya da Dogo, tunda shi ya jawo. Auta tun yana ƙarami ƙofa ta uku yake bi, ba ya canzawa. In allo ya nuna shi, zan ce a rediyon oba-oba, "Ruwan sha ya ƙare a ƙofa ta uku." Dogo ya matsa ya riƙe masa hannu, sannan in danna BA SHI BA NE, ƙofa ta buɗe, ya kai shi wurin Baba. Ba 'yan sanda, ba rubutu. Dogo ya ce, "Ke kuma sai ki sauko ku gaisa." Na ce ni ina bakin aiki.

Don Baba na yi. A rubuta wannan.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe 7 na yamma

Baba ya cinye abincinsa har ya nemi ƙari.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 7:45 na yamma

Abin da ban yi tunani ba ke nan. Na ɗauka hoton zai kwanta a cikin kwamfuta har ranar da mai shi ya zo. Ina. Sau biyar yau allo ya yi ƙara ya watso mini Auta a fuska, da dariyar nan tasa, kusa da wani baƙo. Dole in duba, aikina ke nan. In dubi goshi, in dubi kunne, in dubi tabon da ke ƙasan leɓensa, wanda ni na yi masa da murfin gwangwani ina shekara tara. Sannan in dubi baƙon in danna BA SHI BA NE.

Na farko na kusa kiran Dogo. Wani ɗalibi ne mai jaka. Na uku ya fi ba ni haushi, mutumin ya girmi Auta da shekara ashirin. Na biyar ban san lokacin da na ce "kai ma ka ishe ni" da ƙarfi ba. Injiniya ya ɗauka da shi nake.

Mun ci biyu da nema. Ba na son wannan sakamakon. Ranar da Mama ta rasu ma biyu da nema aka ci, na ji ana ta hon a titi ina ƙoƙarin ɓalle ƙofar ɗakinta.

Baba ya dawo bai tambaye ni komai ba. Har waƙar magoya baya yake yi ƙasa-ƙasa yana cire takalmi. Ban gane masa ba.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 1 na rana

Injiniya ya fito da takardar ƙararrakin ranar Asabar. Ya ce lamba 58 ce ta fi kowa damun na'urar, hoton tsoho ne kuma mutumin yana dariya, dariya na rikita ta. Manaja ya leƙo ta kafaɗata.

"Wane ne wannan? Ban tuna shi ba."

Na ce, "Cikin tsofaffin ne, ranka ya daɗe, daga littafin Dogo."

"Ba shi da suna?"

"Ba a samu ba."

Ya ce, "Fuskar mutanen kirki gare shi. Irinsu sun fi iya ta'asa." Ya wuce.

Na yi ƙoƙarin cire shi bayan sun fita, don na fara jin tsoro. Ashe shigarwa ce da lambata kawai, cirewa sai da sa hannun Manaja da dalili a rubuce. Wanda ya tsara wannan abin Allah ya haɗa shi da irinsa.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 6:30 na safe

Awa uku ne fa kawai. Daga uku zuwa shida. Ni ina aiki, Baba ya je karɓo magani, aka ce Auta ya zauna da Mama. Ta ce masa ya je kallon ƙwallonsa, ta ji sauƙi. Haka ya ce ta ce. Ban tsaya na ji sauran ba.

Ruwan shayi ya ƙone.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe 5 na yamma

Wasan waje ne, ba aiki. Na zauna da Baba yana jin rediyo, ina tsince masa zaren da ya fito a hannun riga. Golanmu ya kama wata ƙwallo mai wuya, sai na ga Baba ya karkata kai kamar mai jiran wani abu, sannan ya tuna a gida yake ya gyara zama. An ci mu ɗaya. Ya ce saura wasa guda a rufe kakar wasa. Na ce na sani. Ya ce katin kuma ranar Litinin ta sama. Na ce Baba na sani, ni ke aikin.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe 3 na rana

Manaja ya tara mu. Ranar Asabar manyan kamfanin za su zo da wani babban ɗan sanda su ga yadda na'urar ke aiki, a ɗakina za su tsaya. A share, a goge allo, kada a ga kofin shayi. Dogo kuma an mayar da shi ƙofar manyan baƙi, wai shi ke da tsayi da kwarjini. Ƙofa ta uku 'yan sanda ne za su riƙe ta da sababbin ma'aikata biyu da ba su san kowa ba.

Na bi Manaja har mota na ce ƙofa ta uku sai Dogo, shi ya san halinta. Ya ce, "Ai shi ya sa muka sayi inji, don mu daina dogara da wanda ya san hali."

Dogo ya same ni a matakala. Ya ce, "Yanzu ruwan shan fa?" Na ce ya tambayi bakinsa.

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe 7 na yamma

Mako biyu ina cewa ba zai zo ba. Yau addu'a nake kada ya zo.

Asabar, 29 ga wata, ƙarfe 8 na yamma

Ya zo.

Huɗu saura minti takwas. Mutum shida a bayana, ɗakin duk ƙamshin turarensu. An yi ƙara biyu na banza kafin nan, Injiniya har gumi yake. Sai ta uku. Allo ya rabu biyu, sama an rubuta kashi 94.

Ya rame. Ya bar gemu. Rigar ma'aikata ce a jikinsa, shuɗiya, da tabon mai a aljihu. Da ƙarfen ya kulle bai tura ba, bai yi gardama ba kamar sauran. Ya cire hularsa ya ɗaga kai ya dubi kyamarar. Ya san inda nake aiki. Tabon na nan.

Babban kamfanin ya tafa hannu ya ce, "Kun gani ko?" Ɗan sandan ya ɗaga oba-obansa. A allon gefe ina ganin biyu daga yaransa sun fara matsawa. Manaja ya ce, "Danna mana."

Na ce, "Ba shi ba ne."

Injiniya ya ce, "Hajiya, casa'in da huɗu fa."

Na ce, "Dubi kunnen. Ba ɗaya ba ne." Kunnen ɗaya ne. Kunnen Mama ne ma.

Ɗan sandan ya sunkuyo ya ce, "Kin tabbata? A riƙe shi a tambaya mana."

Saura daƙiƙa shida. Na ce, "Shekara goma sha ɗaya ina kallon ƙofar nan, ranka ya daɗe. Wannan ban taɓa ganinsa ba." Na danna.

Ƙarfen ya juya. Ya ɗan ƙara tsayawa, har na bayansa ya ture shi. Ya mayar da hula ya shige cikin mutane.

Bayan haka Manaja ya sa duk kyamarorin ciki a kan wurin manyan baƙi da allon maki, don baƙi su ga kansu. Sau ɗaya na samu na juya guda kan layin Baba. Hula a kujera ta 19. Na duba sama, na duba ƙasa, kawuna dubu ashirin duk da hula iri ɗaya. Aka tashi, ƙofofin fita ba kyamarar gane fuska.

Ban san ma nawa aka ci ba. Na same shi na sake shi, kuma da bakina na ce ban san shi ba. Baba ya riga ni dawowa, ya shige ɗaki. Ba zan iya gaya masa yau ba.

Lahadi, 30 ga wata, ƙarfe 11 na safe

Na kai masa shayi na zauna a bakin gado. Na ce, "Baba, Auta ya zo jiya. Na gan shi. Na bar shi ya wuce, ban san inda ya yi ba." Na gaya masa duka, da Dogo da 'yan sandan. Na shirya wa kuka ko faɗa.

Ya ci gaba da juya cokali. Ya ce, "Na sani. Layi uku a bayana yake zama in ya samu zuwa. Tun bara."

Na ce me?

"In gola ya kama ƙwallo, akwai fito da yake yi, gajere biyu dogo ɗaya. Ni na koya masa. Ido ne ya tafi, kunne na nan."

"Shekara guda kana jinsa ba ka juya ba?"

"In juya in ce masa me? Taho gida? Gidan nan naki ne. Kuma ba ni na kore shi ba."

Raina ya ɓaci irin wanda ban taɓa yi da shi ba. Na ce to don me ya sa ni wannan wahalar? Na sa ƙanena cikin masu laifi, na yi wa Manaja ƙarya, saura ƙiris a rufe shi a hana shi filin shekara biyar, aikina na rawa, duk a kan mutumin da ya san inda yake zaune?

Ya ce, "Shekara uku ba ki dubi hotonsa ba. Na falo kin cire, na wayarki kin goge. In an ambace shi sai ki tashi ki kama wanke-wanke. Na rasa yadda zan yi ki kalle shi. Sai Dogo ya ce akwai aikin da dole ki kalla."

Na ce, "Da na danna ɗayan fa?"

Ya ce, "Ni na haife ki."

Ya kurɓi shayinsa, ya ce sukari ya yi kaɗan. Sannan ya ce jiya da aka busa tashi ya ɗaga katin kujera ta 19 ta bayan kafaɗarsa, bai waiwaya ba. Ya daɗe hannunsa a sama, har ya fara gajiya. Wani ya karɓa.

"Na gaya wa iska cewa gobe ƙarfe huɗu ake rufewa. In iskar ta ji, to."

Lahadi, ƙarfe 5 na yamma

Bari in rubuta shi sau ɗaya. Ranar, bayan an dawo daga kai Mama makwancinta, Auta ya tsaya a bakin ƙofa da gyalen ƙungiya har yanzu a aljihunsa. Na ce masa, "Kada in ƙara ganin fuskarka." A gaban mutane na faɗa. Ya ce to.

Litinin, 31 ga wata, ƙarfe 9:30 na safe

In Auta ya zauna gaban na'urar rajista yana cikin jan littafi, ita za ta kira masa 'yan sanda. Don haka ƙarfe takwas ina ofishin Manaja da takardar cirewa. Wurin dalili na rubuta: ƙanena ne, bai jefi kowa ba, ni na sa shi.

Ya karanta sau biyu. Ya ce, "Ranar Asabar kin ce ba ki taɓa ganinsa ba." Na ce na faɗa. Ya ce na kunyata shi gaban baƙi, na sa kamfani na ta neman laifin injinsu a banza, kuma in da wani ne da yau ya tattara kayansa. Ya yi ta faɗa har shayinsa ya huce. Ya sa hannu. Ya karɓi makullin ɗakin allo, ya ce daga yau teburin rajista ne wurina har sai ya manta, kuma shi ba ya mantuwa.

Ga ni a teburin. Kujerar ƙafarta ɗaya gajera ce.

Litinin, ƙarfe 1:15 na rana

Mutum sittin da uku. Ba shi.

Litinin, ƙarfe 3:20

Layi ya ƙare. Dogo sai zarya yake tsakanin nan da bakin titi, wai iska yake sha. Na ce ya zauna ko ya tafi, yana sa mini ciwon kai. Injiniya ya zo ya ce ƙarfe huɗu daidai rajistar ke rufe kanta, ba mai iya ƙara minti. Na ce na ji. Wataƙila ma wani ɓarawon ne ya karɓi katin.

Litinin, ƙarfe 6:10 na yamma

Huɗu saura tara ya shigo, da rigar nan shuɗiya. Ya tsaya nesa da teburin kamar wanda ya zo biyan tara. Dogo ya fita ya ja ƙofa, karon farko a rayuwarsa bai ce komai ba.

Ya ajiye katin a gabana. Na sa shi a na'ura. Na ce ya zauna, ya zauna. Na ce ya cire hula, ya cire. Idonsa na kan takalminsa.

Na ce, "Ɗago fuskarka."

Ya ce, "Yaya, kin ce..."

Na ce, "Na san abin da na ce. Ɗago."

Ya ɗago. Na'urar ta gama cikin daƙiƙa biyu, koren haske, karon farko a watan nan da ba ta yi mini gardama ba. Daga inda yake zaune ba ya ganin allon. Na ce masa bai ɗauku ba, ya sake ɗagowa. Sau huɗu na ce masa haka.